Keken Da Aka Toshe Wa Baki Da Giris

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum a nan Gyadi-Gyadi, sana'arsa gyaran keken ɗinki da sayar da shi. Ba zan faɗi sunansa ba. Ku kuma daina waiwaye kuna duban juna, ba ya cikin masallacin nan, ya daɗe da barin unguwar.

Mutumin nan ya iya aikinsa, wannan kam ba mai musu. A hannun wani dattijo ya koya, Malam Mu'azu, wanda tsofaffin telolin Tarauni har yau suke yi wa addu'a. Shi Malam Mu'azu in mace ta aiko a saya mata keke, abu biyu yake fara tambaya: me za ta riƙa ɗinkawa, kuma nawa ne a hannunta? In kayan yara ne da atamfa, sai ya ce kada ta wahalar da kanta da mai tsada, ga na hannu mai ƙwari, ga kuma aibinsa, ta sani tun yanzu. In kuɗinta bai kai na kirki ba, yakan ce ta koma ta ƙara tarawa. Da dattijon ya rasu, mutuminmu ya gaji shagon, ya gaji yardar mutane tare da shi.

Kun san yadda abin yake. Yawancin masu ɗinki a gida mata ne, kuma ba kowace ce za ta je kasuwa ta kifa keke ta duba cikinsa ba. Ko ta je ma, abin da take gani fenti ne da tambari. Saboda haka daga Daurawa, daga Unguwar Gano, mata suka riƙa aiko masa da kuɗin adashinsu suna cewa ya zaɓa musu kawai. Wannan yardar ita ce jarinsa na gaskiya, amma shi bai sani ba. Ya ɗauka kekunan da ke jere a shago su ne jarin.

Wata rana wani keke ya kwanta masa. Ya sha aiki, kayan cikinsa sun cinye, in an taka shi yana ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Duk wanda ya ji ƙarar sai ya wuce. Sai Shaiɗan ya kawo masa shawara, shawarar kuma mai araha ce. Ya buɗe cikin keken ya danna masa giris mai kauri har ƙarar ta mutu. Ya sa aka fesa masa baƙin fenti, ya manna masa tambari mai ruwan zinare. Da mai saye ta zo, ya ɗauko ƙyalle mai laushi, falle ɗaya, ya zura ya taka. Ɗinki ya fito sumul. Shi ya fi kowa sanin ba haka ake gwada keke ba, yadi mai kauri ake ninkawa a ga ko zai ja. Amma wa zai tambaye shi? Keken ya tafi a kuɗin mai lafiya.

Ya zauna yana jiran a dawo da shi, ba a dawo ba. Ina ma an dawo, ya 'yan uwa. Da ya ji kunya sau ɗaya ya huta.

Daga nan abin da ya yi don matsuwa sai ya zama sana'a. Ya shiga bin matattun kekuna duk inda suke yana saya a banza, yana yi musu wanka. Ya ƙara da rantsuwa. Wallahi ta zama masa kamar sannu. Wallahi ƙirar Japan ne, wallahi wata tsohuwa ce ta ajiye shi a ɗaki ba ta taɓa takawa ba. Ni dai ban san inda yake samun tsofaffin nan masu sayen keke su ajiye suna kallo ba.

In mace ta aiko cewa keke ya fara tsinke zare, amsarsa a shirye take. Ba ta iya takawa ba, ko zarenta ne marar kyau, ko ba ta sa masa mai. Ita kuma sabuwar koyo ce, sai ta yarda laifinta ne, ta ƙara biyansa ladan gyara. Ya sayi mota. Ya sayi fili. A masallaci ba ya rasa sahun gaba. Me ya rage masa kuma?

Akwai wata baiwar Allah a Daurawa, sunanta Husaina. Mijinta direban Adaidaita Sahu ne, ya yi jinya ya rasu ya bar ta da yara ƙanana. Ta iya ɗinki tun tana gidansu. Da ta fita takaba, ta sayar da 'yan kunnenta, yayyenta suka cika mata, ta zo shagon da ƙafarta. Ba ta ɓoye masa komai ba. Ta gaya masa abin da ke hannunta, ta gaya masa ba ta da wani bayansa.

A ranar akwai wani tsohon keke a lungun shagon, fentinsa ya koɗe, ba shi da kyan gani, amma lafiyarsa ƙalau, kuma kuɗinta ya isa. Sai dai ribarsa kaɗan ce. Mutumin ya wuce shi ya jawo mata mai ƙyalli.

Ta ce, "Malam, ni ban san keke ba. Marayu zan ciyar da shi. Tsakaninka da Allah, yana da lafiya?"

Ya ce, "Wallahi ko 'yata ce wannan zan ba ta."

Ta ɗauka ta tafi tana sa masa albarka. Wannan wurin shi ne yake ƙona min rai a duk labarin.

Azumi ya kama. Maƙwabta suka tausaya mata, suka kawo mata ɗinkin Sallar yaransu. Ta yi ta aiki, keke ya yi zafi, giris ya narke. Ƙara ta dawo. Ɗinki ya fara tsallake, zare yana cukurkuɗewa a ƙasa. Ana cikin goman ƙarshe keken ya cafke atamfar wata maƙwabciyarta ya yaga ta, sannan ya tsaya cak. Ga kayan mutane jibge a ɗaki, wasu an yanka, wasu an haɗa rabi. Ta bi gida-gida tana mayarwa tana ba da haƙuri. Yara da yawa a layin nan da tsofaffin kaya suka je Idi, har da nata.

Ta ɗora keken a Adaidaita ta kai masa. A gaban mutane ya ce ita ta lalata shi, macen da ba ta iya ba ta ɗauko aikin da ya fi ƙarfinta. Ba ta yi hayaniya ba.

Ta ce, "Da ka gaya min gaskiya, da na jira. Amma ka rantse, Malam. Na bar ka da Wanda ka rantse da Shi."

Ta kai keken wajen wani mai gyara a kasuwar Tarauni. Ya buɗe a gabanta, ya kwaso giris da yatsa, ya nuna mata inda aka ɗaure wani ƙarfe da waya. Ya ce wannan ya mutu tun kafin ta saya.

Husaina ba ta bi gari tana tallar mutumin ba. Amma a makarantar Islamiyya wata ta tambaye ta inda za ta sayi keke, sai ta gaya mata abin da ta gani. Wannan ba gulma ba ce, nasiha ce, kuma wajibi ne. Wata da ke gefe ta ce ai nata ma haka yake yi. Wata ta ce ita shekara guda ke nan tana zargin ƙafarta. Kowace ta koma gida ta sa aka buɗe nata. Kun san maganar mata ba ta buƙatar lasifika. Kafin Babbar Salla kekuna sun fara dawowa ƙofar shagonsa, kowanne da mijin mai shi ko wanta a bayansa. Magana ta je gaban mai unguwa, aka ce ya mayar wa kowa haƙƙinsa. Mota ta tafi. Fili ya bi ta.

To, a nan ne ya yanke shawarar gyara hali. Ban ce ya tuba ba, Allah ne ya san zuciya. Ya tattara abin da ya rage masa, ya je ya zaɓo kekuna na gaske, masu nauyi, irin waɗanda tela yake aiki da su har ya bar wa ɗansa. Ya duba su ciki da waje, babu algus ko ɗaya. Ya jera su a gaban shago ya zauna.

Ba wanda ya zo.

Ya rage kuɗi. Masu wucewa suka ce ai dama, mai lafiya ba ya wannan arahar. Ya ɗauki mafi kyawunsu ya bi shagunan teloli da shi. Ya ce su ninka kowane irin yadi su gwada. Wani tela ya taka, ya ji keken yana tafiya shiru lafiya lau, sai ya yi murmushi ya ce wannan karon girisin ya ji. Mutumin ya rantse, ya sake rantsewa, har idonsa ya kawo ruwa. A wannan ranar gaskiya yake faɗa, ya 'yan uwa. Amma ya riga ya kashe rantsuwarsa a kan matattun kekuna, babu sauran abin da zai ba mutane su riƙe.

Dama shagon na haya ne. Kuɗin haya ya ƙare, mai ginin ya nemi wurinsa. A ƙarshe 'yan gwangwan ya kira, masu sayen tsohon ƙarfe. Suka zo da sikeli. Ba su tambayi ƙirar wace ƙasa ba ce, ba su duba tambari ba. Suka ɗora matattun da aka dawo masa da su, suka ɗora masu lafiyar a kai, duk kuɗinsu ɗaya. Yana tsaye yana kallo aka loda su a kura aka tura.

Ya 'yan uwa, sayar da tsohon kaya ba laifi ba ne. Talaka da na hannu yake rufa wa kansa asiri, kuma na hannun kirki ya fi sabon banza. Laifin shi ne ɓoye aibi. Kai mai sayarwa, ko keke ne, ko waya, ko babur, faɗi abin da ka sani, ka bar mai saye ya zaɓa da idonsa a buɗe. Kai mai saye, kada ƙyalli ya ja ka, ka tafi da wanda ya sani, ka tsaya inda ƙarfinka ya tsaya. Wanda kuma aka ce masa zaɓa min, ya sani an ɗora masa kaya mai nauyi. Akwai ranar da mu ma za a ɗora mu a kan ma'auni, kuma ba za a tambayi wane fenti muka sha ba.

Allah ya kiyaye mu daga cin amanar wanda ya yarda da mu. Allah ya sa kada mu wayi gari muna faɗin gaskiya babu mai karɓa. Amin.