Muryar Injin Marigayi Yafet

Akwai wani mai yankan katako a Kafanchan, sunansa Rufus. Na san mahaifinsa, marigayi Yafet, tun zamanin da jirgin ƙasa yake cika tasha da mutane. Ko Rufus na koyar a firamare ko ƙanensa, yanzu ba zan iya rantsewa ba. Amma labarin nan na riƙe shi da kyau.

Da Yafet ya rasu bai bar wata babbar gona ba, bai bar gidan haya ba. Abin da ya bari shi ne babban injin yanka itace, irin mai nauyin nan da ake ɗaurewa a bayan babur da roba. Da shi ya ciyar da gidansa shekara ashirin da wani abu. Kafin ya cika, ya kama hannun Rufus ya ce, "Injin nan shi ne gonarku. Kada ya mutu a hannunka."

Injin yana da wata irin murya. In aka tashe shi aka ba shi wuta a iska, sai ya riƙa ɗan sarƙewa kamar mai in'ina. Amma da zarar haƙoransa sun shiga itace, sai muryar ta miƙe ta yi santsi.

Mama Keziya, mahaifiyar Rufus, ta san muryar nan a cikin injuna goma. A da, in mijinta yana aiki a bayan gari, tana tsakar gida tana shanya citta, muddin tana jin ta daga nesa ta san lafiya yake.

Shekara biyu Rufus yana aiki da injin yadda ya gaje shi. Sai wani abokin sana'arsa, Godspower, ya zo layin 'yan katako da injin da in ya tashe shi sai ka toshe kunne. Ƙara yake yi siririya mai tsini, ba sarƙewa ko kaɗan.

"Oga Rufus," in ji Godspower, "injinka mura yake yi ne? Ka saya masa maganin tari mana."

Mutane suka yi dariya. Rufus ma ya yi, amma tasa ba ta kai ciki ba.

Washegari ya ɗaure injin a babur ya kai wa Baba Zamani, tsohon makaniken da yake gyaransa tun Yafet yana da rai. Shagonsa rumfa ce kawai a gindin mangwaro, kusa da tsoffin gidajen ma'aikatan jirgi. Na sha zama a bencin nan muna hira. Mangwaron ba shi da zaƙi sosai, amma inuwarsa babu irinta. To, ba wannan nake son faɗa ba.

"Baba, so nake ku ƙara masa ƙarfi," in ji Rufus. "So nake ya fi na kowa ci."

"Za a iya," in ji tsohon. "Akwai sauran ƙarfi a cikinsa da babanka bai taɓa nema ba. Zauna."

Wuni guda ya yi a kai. Ya cire salansa, wato tukunyar hayaƙi, ya faɗaɗa ramin da hayaƙin yake fita. Ya wanke matatar iska. Ya wasa haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya da magagari. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tudu da yake hana shi nutsewa da yawa cikin itace, sai ya rage su kaɗan kaɗan, duk daidai wa daida.

Daga ƙarshe ya ɗauko wata 'yar siririyar sukundireba, ya sa ta a kan ƙaramin sukurun da yake auna man da injin ke sha. Ya rufe ido, ya karkata kai, yana juyawa a hankali yana saurare. Ya buɗe sukurun ya ɗan ƙara masa mai.

Suka gwada a kan wani gungumen ɗorawa. Injin ya ratsa shi kamar doya, yana watso ɓarɓashi manya manya. Ko shakka babu ya fi da ci.

Amma fuskar Rufus ba ta sake ba.

"Baba, har yanzu yana in'ina."

"In'inar nan ita ce alamar ya ƙoshi," in ji Baba Zamani. "Fetur ɗin da kake gaurayawa da baƙin mai, shi ne abincinsa, shi ne kuma yake sanyaya masa ciki. Na buɗe masa hanyar numfashi, dole in ƙara masa abinci. In ka matse sukurun nan, zai yi maka ihu mai daɗin ji. Amma ihun yunwa ne, ɗana."

"Na Godspower fa?"

"Kai dai ka ji abin da na faɗa maka."

Akwai masu babur uku ko huɗu a rumfar suna jiran gyara. A gabansu Rufus ya ce, "Baba, ku yi haƙuri, kunnenku ne ya tsufa. Yanzu ba haka ake yi ba."

Tsohon ya goge sukundirebarsa da tsumma, ya mayar aljihu.

"Ka gai da mamanka," ya ce.

Da safe Rufus ya fito da injin tsakar gida. Ya sa bakin wuƙa ya matse sukurun, ya tashe shi. In'inar ta ragu. Ya ƙara matsewa. Ta ɓace gaba ɗaya. Injin ya ɗauki wata ƙara mai tsini har kaji suka watse.

Mama Keziya ta leƙo daga kicin.

"Injin wa ka aro?"

"Na Baba ne, Mama. Gyara shi na yi."

Ta tsaya ta ɗan saurara. Sai ta girgiza kai.

"A'a. Wannan ba shi ba ne."

Ta koma ciki.

Kwana huɗu ko biyar komai ya tafi yadda Rufus yake so. Ƙananan itatuwa yake samu, kafin injin ya yi zafi sosai ya gama. A layin 'yan katako har Godspower ya sara masa. Rufus ya lura jikin injin yana ƙuna fiye da da, amma ya ce ai lokacin zafi ne.

Sai aka kira shi Manchok. Akwai wani tsohon maɗaci a harabar wani coci, mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Saiwarsa ta fara ɗagowa ta gefe ɗaya, ga gidan fasto a kusa. Dattawan ikilisiya suka ce a sauke shi kafin ruwan farko, katakon kuma a yi benci da shi.

Ranar Asabar ce, wannan na tabbata, domin matan zumunta suna share coci. Fasto Eli ya yi addu'a. Aka ɗaura doguwar igiya a saman itacen, maza suka riƙe ta can nesa ta wajen fili, inda ake so ya faɗi.

Rufus ya yanke baki a jikin itacen ta gaba, wajen fili, ya cire guntun. Ya zagaya baya ya fara babban yankan. Maɗaci ba ɗorawa ba ne, kuma wannan ya tsufa ya yi tauri. Injin yana ihu, mutane suna jinjina masa. Minti goma, minti goma sha biyar, bai ɗaga hannu ba.

Ya wuce rabi sai ƙarar ta fara siracewa. Wani wari ya taso, ba na hayaƙin da ya saba ba. Kafin ya saki wuta, injin ya yi ƙit ya tsaya.

Ya ja igiyar tashi. Ko motsi ba ta yi ba. Cikin injin ya kama.

A daidai lokacin wata iska ta taso daga gabas, irin wadda take gaba da hadari. Itacen ya ɗan koma baya, ya danne dogon ƙarfen da sarƙar take zagayawa a kai. Injin ya maƙale a jikin maɗacin, ba gaba ba baya.

Kowa ya ga abin da ke nan. In itacen ya karye ta baya, a kan injin zai fara sauka, sannan rufin gidan fasto.

Rufus ya kama injin yana fizga da ƙarfinsa duka. Fasto Eli ya zo ya janye shi.

"Rufus, fita daga nan. Gida ana sake ginawa."

"Fasto, injin babana ne."

"Na sani. Wa yake da babban inji da zai ƙarasa aikin nan?"

Rufus ya kira Godspower. Godspower ya ce nasa yana wurin gyara tun shekaranjiya. Saura mutum ɗaya, kuma Rufus ya daɗe yana kallon sunan a waya kafin ya danna.

"Baba, ni ne Rufus. Injin ya kama a cikin itace. Na matse sukurun."

Tsohon bai ce na faɗa maka ba. Tambaya kawai ya yi.

"Igiya tana ɗaure?"

"Tana ɗaure."

"Kada su saki. A fitar da kowa daga gidan. Ina zuwa."

Daga Kafanchan zuwa Manchok ba nisa ne sosai ba, amma ranar ya yi wa Rufus tsawo. Maza suna riƙe da igiya har tafin hannunsu ya yi ja. Mata suka koma bakin coci suna waƙa ƙasa ƙasa. Duk sanda iska ta kaɗa, sai itacen ya yi wani ƙugi daga ciki.

Mai babur ya sauke Baba Zamani, da nasa tsohon injin a kan cinya da jakar kayan aiki. Bai gai da kowa ba. Ya zagaya maɗacin sau ɗaya yana kallon sama. Sai ya durƙusa a gindinsa, a wurin da matasa suke tsoron tsayawa, ya kwance noti biyu. Kan injin ya rabu da ƙarfen da ya maƙale. Ya miƙa wa Rufus.

"Kai kayan babanka can nesa, ka dawo."

Ya fito da wasu ƙarafa masu faɗin baki, ya sa aka buga su da guduma cikin yankan, har itacen ya ɗan ɗaga aka zare ƙarfen da sarƙar. Sannan ya tashi injinsa. Ya ba shi wuta a iska, sai ga in'inar nan, irin ta injin Yafet sak.

Mutane sun zaci shi zai ƙarasa. Amma ya juya ya miƙa wa Rufus.

"Kunne nake da shi, hannu ya tafi. Aikinka ne. Ka gama shi."

Rufus ya karɓa. Ya sa haƙoran a itace. Nan take in'inar ta ɗauke, muryar ta miƙe, ta yi ta tafiya ba gajiya. Bai taɓa sauraron wannan canjin da kyau ba sai ranar, shi da ya girma a cikinsa.

Maɗacin ya sunkuya a hankali ta wajen fili, ya faɗi inda aka so. Ƙasa ta girgiza. Ba a gama cewa mun gode Ubangiji ba ruwa ya sauko.

Ranar Litinin suka buɗe injin a rumfa. Fistin, ƙarfen da yake kai da komo a cikin injin, ya yi zane zane, gefensa ya narke ya manne.

"Ya mutu, Baba?"

"Ya ji ciwo ƙwarai. Na Godspower sau biyu ke nan ina buɗe shi bana, irin wannan ciwon. Ban faɗa maka ba don ba na kai maganar wani wurin wani."

Rufus ya durƙusa a ƙasa, a gaban masu baburan da suke wurin.

"Baba, na yi muku rashin kunya. Ku gafarta mini."

"Tashi, wandonka zai sha baƙin mai. Ni da babanka mun yi faɗan da ya fi wannan."

Sai da aka yi sati uku, ko huɗu, kafin a samo kayan da suka dace daga Jos. Ranar da aka haɗa shi, tsohon bai taɓa sukurun ba. Ya ba Rufus sukundirebar.

"Rufe idonka. Buɗe masa a hankali. Kada ka nemi ƙarar da za ta burge mutane. Ka nemi inda ya ƙoshi."

Rufus ya yi ta juyawa kaɗan kaɗan, har in'inar ta dawo.

"Nan ne," ya ce.

"Nan ne," in ji Baba Zamani.

Da Rufus ya isa gida, Mama Keziya tana zaune a baranda tana tsince acca. Ya ajiye injin a tsakar gida ya tashe shi.

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Ba ta ɗago kai ba sai da ya kashe. Sannan ta share ido da bakin zane.

"To," ta ce, "ya dawo gida."

Baba Zamani ya rasu bara, ko bara waccan. Sukundirebar tana aljihun Rufus har yau. Injin kuma yana nan yana aiki, yana in'inarsa.

Darasi: Yawan ƙara ba shi ne ƙarfi ba. Kada dariyar mutane ta sa ka lalata amanar da aka bar maka, kuma kada ka raina wanda ya daɗe yana saurare don kawai ya tsufa. In kuma kai ne aka raina, ranar da aka kira ka, ka zo. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, musamman masu riƙe da abin da iyaye suka bari.