Zomon Zulai da Kawunnanta Uku

Ku matso kusa, kuma ku ajiye wayoyin nan tukuna. Yau shari'a na kawo muku, kuma ban yarda kowa ya tashi daga tabarmar nan ba sai ya faɗi nasa ra'ayin.

A wata unguwa bayan tashar mota an yi wata mata, Hansai. 'Ya'yanta maza biyu, sai 'yar ƙarama mace, Zulai. Hansai ba ta iya karatun boko ba. Tana aji biyu aka cire ta daga makaranta, aka ce ba ta da kai, kuma abin bai taɓa barin ranta ba. Ko takardar asibiti aka ba ta sai ta yafa gyale ta shiga maƙwabta neman mai karanta mata. Babu abin da take tsoro a duniya kamar 'yarta ta tashi haka.

To, Zulai kuwa Allah ya yi ta da ƙiriniya. Kai, ban taɓa jin yarinya mai rawar kai irinta ba! A zaunar da ita gaban littafi, kafin ka ƙifta ido tana kan katanga tana leƙen awakin maƙwabta. Yayyenta sun gwada koya mata da ranƙwashi, ko a jikinta. Daga baya abin ya ƙara lalacewa. Wata rana a aji aka tashe ta ta yi karatu, ta yi kuskure, yara suka bushe da dariya. Tun daga ranar, da an ce "Zulai, karanta," sai bakinta ya mutu, ta yi tsuru-tsuru tana kallon ƙasa.

Shugabar makaranta ta aiko da saƙo cewa kafin hutu za ta kira yarinyar ta karanta mata shafi guda, in ta kasa za ta sake maimaita aji. Uban, Malam Buhari, ba mugun mutum ba ne, ya dai gaji. Ya ce in ta sake faɗuwa zai kai ta ƙauye wajen kakarta ta yi kiwo, tunda dabbobi take so.

Hansai ta ce, "Haba Malam, yarinyar da ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba?"

Ya ce, "Na gama magana."

Daga nan Hansai ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ɗora tukunya ta manta gishiri, ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Abin haushin, ita kanta ba za ta iya zaunar da 'yarta ta nuna mata ko baƙi ɗaya ba. Da abin ya ishe ta sai ta kai kukanta wajen 'yan'uwanta maza uku, Ilu da Sidi da Ya'u.

Ilu shi ne babba, mai kiwon zomaye. Shi ma bai yi boko ba, amma yana da ido. Ya zo gidan ya zauna yana kallon yarinyar. Ya lura ba ta iya minti guda a wuri ɗaya, amma da kaza ta fito da 'yan tsakinta sai ta tsuguna ta yi shiru har ƙafarta ta yi sanyi. Washegari sai ga shi da ɗan zomo fari a cikin kwali. Ya ce, "Wannan naki ne ke kaɗai. In kin ba shi abinci ya rayu, in kin tafi yawo ya mutu. Kuma duk wanda ya taya ki, na ɗauke abuna." Hansai ta ce a ranta, ikon Allah, ni ina kukan karatu, Yaya ya kawo mini ƙarin wasa. Amma ba a daɗe ba sai ga Zulai ta daina hawa katanga. Ta sa wa zomon suna Ɗan Fari. Da ta dawo daga makaranta sai bayan ɗaki, ta wanke masa kwano, ta tsinko masa ganye, ta zauna a gabansa har rana ta yi sanyi. Yarinyar da bulala ta kasa zaunarwa, ga ta zaune da kanta.

Sidi shi ne na tsakiya, mai rubuta allunan shaguna da bayan motoci. Shi mutum ne mai tsokana. Ya ƙera wa zomon keji, sannan ya kawo gwangwanayen madara iri ɗaya, ya shafe su da fenti launi ɗaya, ya zuba dusa a wannan, gishiri a wancan, tokar da ake barbaɗawa ƙarƙashin keji a wani. Ya rubuta sunan kowanne a jikinsa da manyan baƙaƙe, ya danne murafen sosai yadda sai da gindin cokali ake buɗewa. Kullum in zai wuce aiki sai ya leƙo ya sauya musu wuri. Zulai mai gaggawa sai ta yi ta ɓamɓare murafe tana ƙunƙuni, zomo na ta tattaka keji don yunwa. Wata safiya a gurguje ta juye masa toka a kwanon abinci. Ɗan Fari ya cusa hanci ya yi ta atishawa, ita kuwa ta fashe da kuka. Sidi ya ƙyale ta ta yi kukanta, sannan ya ɗora yatsa a kan gwangwani ya ce, "Da kin tambayi wannan, da ya gaya miki." Ya nuna mata baƙin farko da yadda yake fita a baki, ya haɗa mata shi da na biyu, ya tafi abinsa. Sannu a hankali ya rubuta wa ƙofa sunanta, ya rubuta wa kwano nasa, ruwa da ganye da inuwa duk suka sami nasu. Daga baya ya koma rubuta mata magana guda da alli a bango, kamar "Ɗan Fari yana son ganye yau." Sai a ga ta tsaya ta ƙura wa bango ido, ta juya ta tafi tsinko ganye. Ido ya buɗe ke nan, amma bakin yana nan a rufe. Da Hansai ta ce, "Faɗa mini abin da Kawu ya rubuta," sai yarinyar ta sunkuyar da kai.

Ya'u shi ne auta, tela ne, kuma yana da in'ina mai tsanani. Tun yana yaro mutane ke ƙarasa masa magana kafin ya kai ƙarshenta, shi ya sa ba ya son taro. Shi ne ya gane ciwon. Da ƙyar ya fitar da maganar, ya ce wa yayarsa, "Ni ma in ina hira da kyanwar shagona, harshena ba ya sarƙewa. Idon mutane ne ke ɗaure shi." Ya kafa doka a gidan cewa in Zulai tana wajen keji kada wanda ya leƙa, kada wanda ya gyara mata, kada wanda ya yaba. Sannan ya ce wa yarinyar, "Zomonki bai iya karatu ba. Kullum ana rubuta maganarsa a bango, shi bai san me aka ce ba. Ba ki jin tausayinsa?" Ya riƙa zuwa da ɗinkin hannunsa, ya zauna nesa ya juya mata baya. An daɗe ba a ji komai ba. Wata la'asar Hansai tana laɓe a bayan madafa, numfashi ma a hankali take yi, sai ta ji wata 'yar murya kamar ta sauro tana haɗa baƙaƙe ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, Ya'u ya zare mata ido daga inda yake. Wallahi sai da ta cusa bakin zanenta a baki ta ciza. Daga bango aka koma littattafan yayyenta, tana karanta wa zomo, shi kuwa yana ta taunar ganyensa.

To, ana gobe gwaji sai Hansai ta yi aikin da ya kusa rusa komai, kuma don ƙauna ta yi shi. Ta ga rana tana dukan keji, sai ta janye shi daga kan siminti ta kai shi gindin bishiya. Kejin kuwa ba shi da katako a ƙasa. Da gari ya waye sai rami a ƙarƙashinsa, babu Ɗan Fari babu dalilinsa.

Tirƙashi! Zulai ta zube a ƙasa tana birgima, ta ce ba inda za ta. Malam Buhari ya sa hularsa ya fita abinsa. Hansai a lokacin tana ɗauke da tsohon ciki, ko sauri ba ta iyawa, amma ta zagaye gidan ta leƙa ƙarƙashin gado, ta leƙa bayan randa, har cikin turmi ta duba. Ta aika aka kira 'yan'uwanta. Suka ce ita da Ya'u su yi gaba zuwa makaranta su riƙe wuri, sauran su bari a hannunsu.

Ilu bai ɓata lokaci a cikin gida ba. Ya san zomo in ya sami hanya ƙanshin ganyen dankali yake bi. Ya bi sawu da 'yan kashin da ya zubar har wani lambu a bakin rafi. Can ya hango shi a maƙale cikin shingen ƙaya, wani kare yana tono ta ɗaya gefen. Ilu ya kori karen da dutse, ya cusa hannu har kafaɗa cikin ƙayar ya damƙo shi. Ya dawo gida hannu duk jini, zomo ko ƙwarzane babu.

Sidi yana jira a ƙofar gida da babur a kunne. Ya ɗora Zulai, zomo a kwando a cinyarta. Ranar kasuwa ce, babban titi ya cushe, ko mai ƙafa da ƙyar yake wucewa. Amma Sidi babu lungun da bai taɓa rataya allo a cikinsa ba. Ya bi ta bayan maƙera, ya tsallake kwata, ya ratsa filin ƙwallo, ya tsaya a bakin makaranta daidai lokacin da shugaba take tattara littattafanta za ta rufe ofis.

A nan kuma aka ce ba a shiga ofis da dabba. Zulai ta ƙanƙame kwando. Hansai ta juya ta dubi ƙanenta. Sai Ya'u, mutumin da ko a ɗaurin aure a bayan kowa yake tsayawa, ya tako gaban shugaba da malamai ya fara roƙo. Harshe ya sarƙe, gumi ya keto masa, wasu yara a taga suka fara ƙyalƙyala dariya. Bai fasa ba. Ya yi ta kokawa da kowace kalma har ya kai ƙarshen maganarsa, kuma babu wanda ya ƙarasa masa. Shugaba ta dube shi, ta ce a shigo da kwandon.

Aka ba Zulai littafin da ba ta taɓa gani ba. Ta ɗora zomo a cinya, hannu ɗaya a bayansa, ta sunkuya wajen kunnensa ta fara. Hansai tana tsaye a bakin ƙofa. Ga 'yarta tana karatu, amma ita ba ta san ko daidai take yi ko kuskure ba. Ba abin da ya rage mata sai kallon fuskar shugaba. Yarinyar ta kai ƙarshen shafi ta tsaya. Shugaba ta miƙa hannu ta buɗe mata na gaba, ta ce, "Ci gaba, ina son in ji yadda labarin ya ƙare." A nan Hansai ta zauna daɓas a kan dakali ta yi kuka har da shessheƙa, ba ta damu da wanda ke kallonta ba.

Maganar ƙauye ta mutu. Bayan hutu Zulai ta shiga sabon aji, Hansai kuma ta sauka lafiya, ta sami ɗa namiji. Malam Buhari ya shigo ɗaki ya ce, "Na so in cuci yarinyar nan, 'yan'uwanki suka hana ni. Wannan yaron sunan ɗaya daga cikinsu zai ci. Ki zaɓi wanda ya fi yi mana ƙoƙari, ki gaya mini kafin ranar suna."

Shi ke nan, hankalin Hansai ya sake tashi. In ta ce Ilu, sai ta tuna ba don gwangwanayen Sidi ba da har yau wasa kawai ake yi da zomo. In ta ce Sidi, sai ta ga Ya'u tsaye yana gumi a gaban malamai. In ta ce Ya'u, sai hannun Yaya Ilu mai jini ya faɗo mata, ta tuna ba don shi ba da babu wanda za a karanta wa. Ga suna ya matso, an sayo rago, mata sun fara daka. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta kira 'yarta ta ce, "Zulai, tsakaninki da Allah, wa ya koya miki karatu?"

Yarinyar ko tunani ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Ɗan Fari."

To, kun dai san ba a raɗa wa ɗan mutum sunan zomo. Liman yana jira, yaro ɗaya ne, kawunnai uku. Ku da kuka ji komai, ku fitar da Hansai daga wannan damuwa. Tsakanin Ilu da Sidi da Ya'u, wa ya fi cancanta a yi masa takwara?