Motoci Biyu da Sunan Ɗan Shitu

Ku da kuke musu a kan mota tun ɗazu, ku gyara zama ku ji wannan, sannan ku ci gaba da musunku.

Akwai wani malamin gona a Rafin Kanya, sunansa Shitu. Yana da ƙaramar mota irin mai datsattsen baya, shekararta bakwai a hannunsa, ba ta taɓa kwana da shi a hanya ba. Daga garinsu zuwa bakin kwalta kilomita tara ne na taɓo da ramuka, ga rafi a tsakiya. Daga kwalta zuwa babban asibiti kuma saba'in. Wannan nisan ne ya hana Shitu sukuni, domin matarsa Hansatu ta shiga watan haihuwa, kuma sau biyu a baya suna isa asibiti a makare, suna komowa hannu biyu babu ɗa.

Ana nan sai abokinsa Haladu, tsohon direba, ya kai shi wajen wani dillali mai motoci ya nuna masa ƙanwar motarsa. Kamanninsu ɗaya, amma wannan ja ce, injinta ya fi ƙarfi, cikinta kusan yana shafar ƙasa, tayoyinta sirara. Dillali ya ce a kawo tsohuwar a yi ciko. Haladu ya ce, "Mutumina, tafiyar awa guda wannan za ta yi maka ita a rabi. Kai ka san abin da rabin awa ta ci maka." Shitu ya sani. Ya amsa zai saya.

Yayansa Ilyasu, manomi ne da bai iya doguwar magana ba, ya je ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin jar motar, ya auna da tafin hannunsa. Ya ce, "Wannan ko kunyar gyaɗa ba za ta haye ba, balle rafinmu da damina." Da ya ga ƙanen nasa ya ƙi ji, sai ya ɗauke takardun tsohuwar motar ya cusa cikin rumbun dawa, ya ce kowa ya yi abin da zai yi. Ciniki ya tsaya cak. Kwana uku Shitu bai gaishe shi ba.

Sai kawunsu Jibrin, dillalin shanu, ya shiga maganar. Ya zauna a shagon mai motoci tun hantsi har la'asar, ya sha shayinsa, ya kushe fenti, ya kushe kujeru, ya tashi zai tafi sau uku ana kamo rigarsa. Ya ce, "Ni ban taɓa sayen sa ban ga tafiyarsa ba. Ka ba mu ita mako biyu mu gani." Mai motoci ya ce ba a yin haka. Kawu ya ɗaure bijiminsa na kiwo a ƙofar gidan mutumin, ya ce in motar ta ƙwarzane a riƙe bijimin. Da haka jar mota ta fito, aka ajiye ta gidan Haladu a bakin kwalta, tsohuwar kuma tana gida.

Ranar kwana na biyar, da safe ana tsuga ruwa, naƙuda ta tashi, ta zo da jini. Ilyasu ya tuɓe riga ya shiga rafi har ƙugu yana laluben wuri mai tauri da ƙafa, Shitu na binsa a baya da tsohuwar motar, Hansatu a ciki. Ta haye. Ta ja su cikin taɓo har bakin kwalta, a nan ta yi tari sau biyu ta mutu, ruwa ya shige ta.

Haladu, da aka riga aka kira a waya, na tsaye da jar motar a kunne. Ya ce, "Koma baya ka riƙe matarka, ni zan ja." Shitu bai tuna komai na hanyar ba sai fuskar Hansatu da itatuwa suna wucewa kamar ana fizge su. Likita ta ce da sun ƙara minti ashirin, da uwa da ɗa babu wanda za ta iya yi wa alkawari. Aka sami ɗa namiji.

Yanzu ga Shitu zaune, gobe suna. Tun a asibiti ya rantse zai yi wa wanda ya ceci yaron takwara. In ya tuna Ilyasu, sai ya ga da an sayar da tsohuwar da suna can gaɓar rafi. In ya tuna Haladu, sai ya ga tsohuwar a mace a bakin kwalta. In ya tuna Kawu, sai ya ga ba don bijiminsa ba da mota ɗaya ce kawai a hannunsa ran nan, kowace ce kuwa ba ta isa ba. Ko motar da zai riƙe ma bai yanke ba tukuna.

Liman zai zo da sassafe, kuma suna ɗaya zai raɗa. To, ku masu musu, sunan wa za a sa wa yaron nan: Ilyasu, Haladu, ko Jibrin?