A-kori-kurar da Aka Ce Ta Mutu

Akwai wani direba da ya yi shekara goma sha tara yana ciyar da iyalinsa da wata farar a-kori-kura. Siminti, katako, buhunan masu shago, kayan masu tashi daga gidan haya, babu abin da ba ta ɗauka ba. Mitar da ke ƙirga tafiyarta ta haura kilomita dubu ɗari biyar, daga nan ta gaji ta tsaya cak. Motar kuwa ta ci gaba da tafiya abinta.

A unguwa ana kiransa Baban 'Yan Biyu, matarsa kuma Maman 'Yan Biyu.

Wata safiya ya sunkuya zai duba man inji, sai ya zube a gefen taya. Shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshe ya yi nauyi, kalma ɗaya ma sai ya yi gumi kafin ta fito. Likita ya ce akwai fatan zai tashi, amma sai ana kai shi gashi da motsa gaɓoɓi sau biyu a mako, babu fashi.

Motar ta yi wata biyu a ƙofar gida tana shan rana. Da abin hannu ya ƙare, Maman 'Yan Biyu ta yanke shawarar ɗaukar direba, motar ta koma aiki, a samu na abinci da na asibiti. Aka murɗa makulli, mota ta ce ba ta san zancen ba.

Sai ta aika a kira Injiniya.

Injiniyan nan makanike ne, ɗan ƙanin mahaifin maigidanta. Ku riƙe wannan da kyau: Baban 'Yan Biyu ne ya kama hannunsa ya kai shi koyon aiki, shi ya saya masa akwatin sifanunsa na farko, shi ya tsaya masa har ya samu rumfa a layin gareji.

Ya zo, ya buɗe bonet, ya leƙa nan, ya taɓa can, ya yi dogon tsaki yana girgiza kai.

"Matar yaya, in faɗa miki gaskiya ko in lallashe ki?"

"Gaskiyar nake so, Injiniya."

"Inji ya buga. Ya tashi aiki gaba ɗaya. In kika ce gyara za ki yi, abin da za ki zuba ya fi ƙarfin motar, kuma bayan wata uku wani wurin zai ɓalle. Motar nan ta ci ƙasa ta ƙoshi."

"To, yanzu ya kake gani?"

"Ki sayar wa masu sayen ƙarfe, su yayyanka ta su auna a kilo. Ki bar min, ni zan tsaya. Yaya ya fi ƙarfin haka a wurina."

Kwana huɗu tana juya maganar a ranta, a gyara ko a sayar. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, ki nemi wani makaniken ya duba mana." Ta ce, "Haba, ɗan'uwa ne fa. In ya ji na kira wani a kansa, da wane ido zan kalle shi?"

Da ta faɗa wa maigidan, ya dinga girgiza kai, hawaye na bin kuncinsa. Ta ɗauka baƙin cikin rabuwa ne kawai, ta share masa fuska ta ba shi haƙuri.

Aka zo aka ja motar. Bayan mako guda Injiniya ya kawo wata siririyar ambulan, yana ta jimami kamar mai gaisuwar mutuwa. Ya ce a gabansa aka sa mata wutar walda aka raba ta gida-gida, har sai da ya kawar da kai. Abin da ke cikin ambulan ɗin bai kai su ko'ina ba. Zuwa asibiti ya koma sau ɗaya a mako, hannun da ya fara motsi ya soma sandarewa.

Jama'a, kun san abin da ke damun motar? Batir ne ya mutu saboda zama, sai famfon mai da ya toshe. Aikin yini ɗaya bai cika ba. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Injiniya ya kwance lambarta, ya fesa mata shuɗin fenti, ya shiga neman mai saye. A lissafinsa, mai motar ba ya magana, matar kuma ba ta san bambancin giya da birki ba. Wa zai tona shi? Har ya samu ƙarfin halin gwada ta a titin da ya bi ta bayan gidansu, don shi ne miƙaƙƙen titi a yankin.

Wata hantsi Maman 'Yan Biyu tana shafa wa maigidan magani a kafaɗa, sai wata mota ta wuce ta bayan taga. Mutumin ya zabura kamar an tsikare shi da allura. Ya damƙi hannunta da hannunsa mai lafiya, yana nuna tagar.

"Ta... tawa."

Ta leƙa, ta hango shuɗiyar mota tana shan kwana. Ta ce, "Baban 'Yan Biyu, taka fara ce. Ka sa wa ranka haƙuri."

Ya girgiza kai da ƙarfi, ya nuna kunnensa. Shi da kansa ya taɓa yi wa salansar walda, tun daga ranar take wani siririn fito duk lokacin da aka sa giya ta uku. Shekara da shekaru yana jin fiton nan a ƙarƙashin kujerarsa.

Washegari ta saka mayafi ta nufi layin gareji, wai ta zo yi wa Injiniya godiya. Ga shuɗiyar a-kori-kura a gaban rumfarsa tana sheƙi. Tana gaisawa da shi tana satar kallon ciki. A gefen kujerar direba ta ga wani faci da aka yi da koren zare. Ita ta ɗinke shi da hannunta, ranar da baƙin zarenta ya ƙare.

Ta gane motar mijinta ce, amma fuskarta ba ta nuna ba.

"Injiniya, wannan kyakkyawar fa ta wace ce?"

"Ta wani kwastoma ce daga nesa, matar yaya. Ya ce in gyara in sayar masa."

"Allah ya kawo kasuwa," ta ce.

Ta koma gida a fusace. Ta ce yau sai unguwa ta taru a kan Injiniya, sai ta yaga masa riga a bainar jama'a. Maigidan ya riƙe mata mayafi.

"Jira," ya ce.

Ya nuna saman kwaba. Ta sauko da tsohuwar jakarsa, ta zuge. Takardun motar ne cif, da sunansa, da lambar shasi, wato lambar da kamfani ke bugawa a jikin ƙarfen mota. Injiniya bai taɓa tambayar su ba. Ta yaya zai tambaya, bayan shi ya ce yankawa za a yi? Ƙaryarsa ce ta ɗaure masa baki.

Nan ta gane nufin mijinta. In ta yi ihu yau, kafin la'asar motar ta bar garin. Amma ƙarshen kowane wata makanikan layin suna taro a babbar rumfa, gaban shugabansu. Saura mako uku.

Mako ukun nan ba ta zauna haka kawai ba. Duk bayan kwana biyu sai ta bi ta garejin, ta gaida Injiniya da fara'a.

"Kai kuwa Injiniya, mota mai kyau haka da suɗaɗɗun tayoyi? Ai mai saye ƙasa yake fara kallo."

Ya sa sababbin tayoyi huɗu.

"Gilashin nan da ya tsage fa? Zai rage mata daraja."

Ya canza gilashi. Ya sa sabon batir, ya sake kuloci, ya gyara fitilu. Har yana faɗa wa maƙwabtansa cewa matar yayansa tana da ido a kan kaya. Tana da shi kuwa.

Ranar taro ta zo. Ana tsakiyar magana sai ga Maman 'Yan Biyu ta turo mijinta a keken marasa lafiya, ƙanwarta na biye da jaka. Kowa ya juyo, don babu wanda bai san Baban 'Yan Biyu ba a layin.

Shugaban makanikan dattijo ne mai furfura, tabaraunsa ɗaure da waya. Ya taso da kansa ya gaishe su.

"'Yata, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Tambaya ɗaya na zo yi wa ƙanin mijina a gabanku. Injiniya, ina motar yayanka?"

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Haba matar yaya, ai mun gama wannan. An yanka ta, an auna, na kawo miki kuɗinki."

"Ka tabbata?"

"Wallahi a gabana aka yanka ta."

"Kowa ya ji?" ta ce. Aka amsa an ji.

"To, wannan shuɗiyar fa?"

"Na faɗa miki ta kwastoma ce."

Shugaba ya gyara tabarau. "Ina takardunta?"

"Suna... suna hanya, Baba."

"Sun iso," in ji Maman 'Yan Biyu. Ta karɓi jaka ta miƙa wa dattijon.

Shugaba bai aiki kowa ba. Ya ɗauki sukundireba, ya taka zuwa wurin motar, jama'a na biye, ya durƙusa a gefen tayar gaba, ya kankare sabon fentin da ke kan ƙarfen. Yana karanta lamba da ƙarfi, mai walda na layin yana bin takarda da yatsa yana cewa "haka ne." Harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Kafin a kai ta ƙarshe, gumi ya jiƙa wa Injiniya riga.

"Baba, ai saya na yi! Na biya ta!"

"Yanzun nan ka rantse da Allah an yanka ta. Wacce ka saya, yankakkiyar ko wannan?" in ji Shugaba.

Maman 'Yan Biyu ta ciro siririyar ambulan ɗin nan. 'Yan kunnenta ta sayar ta mayar da kuɗin da suka kashe daga ciki. Ta ajiye a kan bonet.

"Ga abinka. Ba na son ko ƙwayar zarra ta haƙƙinka a wuyana."

Shugaba ya ce, "Zaɓi biyu gare ka. Ko ka miƙa makulli yadda motar take, ko mu raka ka ofishin 'yan sanda da takardun nan. Kuma daga yau sunanka ya fita daga ƙungiya."

Injiniya ya zube a gaban keken. "Yaya, ka dubi zumunci. Duk abin da na mallaka na zuba a motar nan. Ko tayoyin ne a bar ni in cire."

Baban 'Yan Biyu ya dube shi ya daɗe.  Sannan ya miƙa hannun hagu, ya faɗi magana mafi tsawo da ya yi tun ranar da ya faɗi.

"Ba ni... makullina."

Motar ta koma aiki a makon. Suka ɗauki direba mai hankali, tsofaffin kwastomomi suka dawo, zuwa asibiti ya koma sau biyu. Bayan wata biyar Baban 'Yan Biyu ya fara takawa da sanda. Rumfar Injiniya kuwa ta koma wurin kwanan awaki. Wa zai kai motarsa inda aka yi wa ɗan'uwa mara lafiya haka?

Tsohuwar mota dai tsohuwa ce. Wata rana da azahar suna dawowa daga asibiti, fambel, wato bel ɗin inji, ya tsinke, motar ta yi tari ta mutu. A ina? Daidai ƙofar rumfar Injiniya.

Ya fito da gudu da sifana a hannu, ya rame, rigarsa duk ta koɗe.

"Yaya, bari in duba. Minti goma ne. Kyauta, wallahi kyauta."

Baban 'Yan Biyu yana zaune a gaba, idonsa na kan titi. Bai juyo ba.

Maman 'Yan Biyu ta buɗe ƙofa ta sauko. Ta ɗaure mayafinta a ƙugu, ta ce wa direba ya riƙe sitiyari, ta dafa bayan motar da hannu biyu.

"Bayin Allah, ku taya ni turi. Garejin ƙarshen layi za mu."

Mai walda ya ajiye aikinsa ya zo. Mai faci ya zo. Masu shago suka fito. A cikin zafin ranar nan suka tura motar, suka wuce rumfa goma sha ɗaya, Injiniya na tsaye a tsakiyar titi da sifana a hannu, babu wanda ya ce masa ko sannu.

Darasi: Wanda ya ba ka amana a ranar da ba shi da bakin magana, Allah ne shaidarsa, kuma ranar tonon asiri ba ta da nisa. In an cuce ka, kada fushi ya sa ka yi gaggawa. Riƙe hujjarka, ka jira lokacin da za ta yi aiki. Sannan kafin ka rabu da abin da ke ciyar da gidanka, nemi ido na biyu ya duba, ko da ɗan'uwa ne ya ba ka shawarar farko. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ake shirin ja wa motarsa gobe.