Kafar da Wayar Wuta Ta Bi

Ranar tara ga watan Mayu gari ya waye a lulluɓe, ƙasa tana ta ƙamshin ruwan shuka da ya sauka jiya da yamma. A wannan safiya ce wani mutum manomi ya ɗauki makulli ya zagaya bayan gidansa don ya fito da iri.

Shi wannan mutum gonarsa tana da nisa, can ƙetaren rafi, inda idan damina ta kankama ba a zuwa a dawo a yini ɗaya. Saboda haka, da masu aikin hanya suka gama aikinsu a yankin suka sa kayansu a kasuwa, sai ya sayi wani ɗakin ƙarfe mai taya, irin wanda ake ɗaura wa mota a baya a ja. Da damina tarakta ta ja masa shi gona ya zauna a ciki, da kaka a dawo da shi bayan gida. Mutanen gari suka yi ta yi masa ba'a, wai ya zama kunkuru mai yawo da ɗakinsa. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ai bai taɓa jin an kori kunkuru daga gidan haya ba.

Yana da ɗa guda mai suna Habila, wanda ya koyi aikin wuta a birni, kuma duk garin ba mai kiran mutumin nan sai da Baban Habila. Habilan ne ya kawo farantin sola ya kafa a kan rufin, ya ajiye batir cikin akwati a ƙarƙashin ɗakin, ya huda katakon ƙasa ya zaro wayoyin zuwa ciki. Sai dai abin hudar da ya aro ya fi wayoyin kauri, don haka kowace huda ta zama waya a tsakiya, fili a gefe, wanda babban yatsa zai shige. Ya nuna wa uban, ya ce zai dawo a ƙarshen wata ya toshe. Uwarsa Rahila ta shimfiɗa tabarma a kai. Ran da ƙwan fitilar ya kama ta yi ta sa masa albarka, ta ce yanzu za ta tsince wakenta bayan magariba ba tare da hayaƙin aci-balbal ya cika mata ido ba.

Ƙarshen wata ya zo, aiki ya riƙe Habila. Wani watan ya kama, Rahila ta kwanta ciwo. Ana gama girbi ta rasu. A irin wannan lokaci ba wanda ya tuna da huda.

Rahila kuwa tana da wani irin wake, fari mai jan ido, wanda ta zo da shi daga gidan uwarta tun tana amarya. Kowace shekara da hannunta take zaɓar na shuka, na ƙarshen ma a kan tabarmar jinya ta zaɓe shi. Al'adar garin ita ce a cuɗa irin wake da toka a zuba a tulu, a liƙe bakin da laka. Amma mutumin nan ya ce a ransa, tulu yumɓu ne, yana fashewa, wannan kuwa ƙarfe ne. Sai ya zuba waken a buhu ya kai ɗakin nan. Ya duba ƙofa, ya gyara taga, ya liƙe inda rufi yake yoyo, ya ƙara kwaɗo a kan kwaɗo. Bai durƙusa ya leƙa ƙasa ba. Duk tsawon rani kuma bai buɗe ɗakin ba, gama zanen matarsa yana rataye a ciki, zuciyarsa ba za ta iya gani ba.

Da ya buɗe a safiyar nan, wari ne ya fara tarbarsa. Buhun ya zube ƙasa kamar ba a taɓa zuba masa kome ba, sai ɓawo da kashin ɓera. Zanen ma sun yayyage shi sun yi sheƙa. Ya ɗaga tabarma, sai ga hudojin nan, bakinsu ya yi baƙi ya yi sulɓi saboda shige da fice.

Bai yi kuka ba. Ya ɗauko almakashin ƙarfe ya datse wayoyin duka, ya finciko su ya jefar, ya yanka gwangwani ya buga a kan kowace huda da ƙusa. Sa'an nan ya kira ɗansa a salula ya ce, "Hudar da ka bari ta cinye waken uwarka." Habila ya buɗe baki zai yi magana, uban ya kashe. Ran Asabar Habila ya iso gida, ya tarar an riga an ja ɗakin zuwa gona, an kuma bar masa saƙo cewa kada ya bi.

A gona, gaskiya, ɓera ko ɗaya bai ƙara shiga ba. Haske ma bai shiga ba. Rediyo ta yi shiru, salula ta mutu. Mutumin nan yakan ci tuwonsa da laluɓe, ya ce wa kansa ai wannan shi ne kwanciyar hankali.

Ana cikin noman farko sai yayarsa Liyatu ta hau babur ɗin haya ta zo masa da dambu. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, bakinta kuwa lafiyarsa ƙalau. Tun daga bakin gona ta ɗaga murya tana kiran Baban Habila. Ya fito ya gaishe ta, ya ce ta daina kiransa da wannan suna.

Ta ce, "To, baban wa zan ce? Baban ɓeraye?"

Ya so ya yi fushi, amma Yaya ce. Ta shiga ɗakin ta danna makunni, shiru. Ta ɗaga tabarma ta ga gwangwanayen, ta daɗe tana kallo. Sa'an nan ta tambaye shi, shin ɓeran ta cikin wayar ya bi ya shigo, ko ta gefenta? Ya ce ta gefe. Ta ce to me wayar ta yi masa? Ita ma inda bututun famfo ya ratsa bangon madafinta ɓera yakan bi, amma ba ta sare bututun ta zauna da ƙishi ba. Soson ƙarfe na wanke tukunya ta cusa a kewayen, ta shafe da kwalta, gama tsumma cinye shi suke yi, soson ƙarfe kuwa ba sa iyawa.

Ya ce, "Yaya, yaron nan ya ce zai dawo ya toshe."

Ta ce, "Ya ce, bai kuwa zo ba, laifinsa ne. Ya zo gidana ya faɗa da bakinsa yana kuka. Amma kai ma ka ga hudar nan da idonka, ka kwana a kanta damina guda. Ban zo raba muku laifi ba. Na zo ne in ga ko har yanzu kana zaune a duhu."

Mutumin nan ya sunkuyar da kai. Da ta tashi tafiya, har ta ɗaura ɗankwali, sai ta ce masa, kamar abin da ta manta, ai Rahila ba ta taɓa yin girbi ba tare da ta auna wa matan zumuntar ikkilisiya tafi bibbiyu ba. Waken nan yana nan ya yi yaɗo a bayan madafinta, da bayan gidaje da yawa. Bana dai ya wuce shi, amma baɗi zai samu. A nan ne kukan da bai yi ba tun rasuwar matarsa ya zo masa. Liyatu ta koma ta zauna, ta sallami mai babur, ta jira har ya gama.

Kashegari ya ɓamɓare gwangwanayen. Ya sayo soson ƙarfe da kwalta, ya yanka robar tsohon tiyub da za a naɗe wayar da ita don kada soson ya goge ta. Kome ya kammala, sai abu ɗaya: bai san wace waya ake haɗawa da wace ba. Mutum ɗaya ne ya sani. Yana iya zuwa kasuwa ya sa wa salula caji ya kira shi, amma ya san halin bakinsa, yakan riga zuciyarsa. Sai ya nemi takarda ya rubuta, "Ɗana Habila, na datse wayoyinka cikin fushi, ban kuwa iya haɗawa ba. Ka zo ka haɗa, ni zan toshe gefen." Ya ninke ya sa a aljihu, takardar ta yi kwanaki a can tana shan gumi.

Ga abin da wannan misali yake nufi, 'yan'uwa. Ɗakin nan zuciyar mutum ce. Wayoyin su ne mutanen da Allah yake aiko mana da haske ta wurinsu: 'ya'ya, iyaye, abokin aure, maƙwabci, 'yan'uwa cikin ikkilisiya. Ba wanda zai shigo rayuwarmu ba tare da an yi masa kafa ba, kuma kusan kullum kafar takan fi shi faɗi. Filin da ya rage a gefe shi ne alkawarin da aka ɗage, da maganar da muka ga ya kamata a yi muka shimfiɗa tabarma a kai. Ta nan Mugun yake shigowa, a hankali, lokacin da muke tsaron ƙofa da taga.

Wanda aka yi wa ɓarna ba za mu ce masa bai yi hasara ba. Waken da ɓera ya ci ya ciwu, Ubangiji kuma ya ga hawayen. Amma da yawa cikinmu, da muka ji zafi, sai muka ɗauki almakashi. Akwai wadda ta daina zuwa zumuntar mata saboda kalma guda. Akwai wanda ya share lambar ƙanensa tun rabon gona. Ɓera ya daina shiga, hakika, amma ku tambaye su yadda suke cin tuwo. Ba a kira mu mu bar huda a buɗe ba, ba a kuma kira mu mu datse waya ba. Aikin da aka ba mu ya fi waɗannan wuya: mu durƙusa, mu faɗi gaskiya, mu yafe, mu toshe gefen mu bar hasken ya wuce. Mu ma ai mun bar wa Ubangiji hudoji ba iyaka, bai kuwa yanke mu ba.

Shi dai mutumin nan, ran kasuwa ya je gidan waya. Ya tsaya a gaban akwatin wasiƙu, ya juya kamar zai tafi, ya sake dawowa. Ma'aikacin ya leƙo ya ce ai bai rubuta sunan mai aikowa a bayan ambulan ba. Sai ya karɓi biro ya rubuta Baban Habila, ya jefa wasiƙar a ciki.