Tayar da Aka Mayar Baya

Akwai wani mai kemis da abokansa suka laƙaba wa Na-Sani, domin ba ka isa ka kai ƙarshen magana a gabansa ba, sai ya tare ka da "ai na sani". Ba mugu ba ne, ba kuma marowaci ba. Bayan rasuwar mahaifiyarsa shi ya ɗauko mahaifinsa ya dawo da shi gidansa, ya ba shi ɗakin da ya fi shan iska. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: duk abin da bai ji a jikinsa ba, a wurinsa babu shi.

Mahaifin tsohon direban babbar mota ne, ya shekara talatin da huɗu a kan hanya. Tsufa ya zo masa da rawar hannu, ga mantuwa tana leƙowa jefi-jefi. Mutuwa ba ta ba shi tsoro. Abin da yake tsoro shi ne ranar da hankalinsa zai gushe, ya zama abin tausayi a gidan ɗansa. Duk ranar Talata Na-Sani yake kai shi asibiti a babban gari, tsohon yana zaune a kujerar baya ta dama inda yake samun wurin miƙe ƙafa.

Wata rana Na-Sani ya faɗa rami da gudu. Daga ranar, da zarar mota ta miƙe hanya sai sitiyari ya kama kakkarwa a hannunsa. Ya kai ta wurin mai faci. Mutumin ya ɗaga gaban motar da jak, ya kara alli kusa da bakin wili, wato ƙarfen da taya ke zaune a kai, sannan ya juya tayar da hannu. Allin ya taɓa ƙarfe a wuri ɗaya, ya sake shi, ya kuma taɓa.

"Ka gani, yallaɓai? Wilin dama ya lanƙwashe," in ji mai faci. Ya kwance tayar ya shafa cikin wilin da yatsa. "Ga ma tsaga nan siririya. Wannan ba na gyara ba ne, na canji ne. Ka bar motar ta kwana biyu in nemo maka irinsa."

"Kwana biyu? Da ƙafa zan riƙa zuwa shago? Ka mayar da ita baya, ka kawo ta baya gaba. Ai haka ake yi."

"Ana yi. Sitiyari zai daina rawa, amma tsagar tana nan. Ba a warkar da ita ba, wurin zama kawai aka canja mata."

"Na sani, na sani. Yi abin da na ce, zan dawo."

Safayar motar ta daɗe da lalacewa, don haka aka yi yadda ya ce. Ya hau titi, sitiyari ya tsaya lafiya lau a hannunsa. Daɗi ya kama shi, maganar komawa wurin mai faci kuwa ta bi iska.

Ranar Talata suna cikin tafiya, tsohon ya yi gyaran murya. Likita yake kiran ɗan nasa, da wasa, tun ranar da ya buɗe kemis.

"Likita, motar nan tana rawa."

"Ba ta rawa, Baba. An gyara."

"Ina jin ta a kujera. Taya ce, ko kuma wili."

Na-Sani ya saki sitiyari na ɗan lokaci, yana dariya. "Ka ga ni? Tsit take. Baba, jikinka ne ke rawa, ba mota ba."

Tsohon ya dubi hannuwansa da ke kakkarwa a kan cinya. Mako na gaba ya sake faɗa, mako na uku ma haka. Na-Sani ya gaji. Abin mamaki, bai taɓa haɗa ƙorafin tsohon da tayar da ya sa aka mayar baya ba, domin a ransa an riga an rufe wannan magana. Da likitan asibiti ya tambaya ko akwai wani sabon abu, sai Na-Sani ya karɓe amsar daga bakin mahaifinsa.

"Kwanan nan yana jin abubuwan da babu su. Kullum sai ya ce mota tana girgiza, alhali ni nake tuƙi, ban ji komai ba."

Likitan ya rubuta a kati, ya ƙara magani. Tsohon yana zaune yana jin su, kansa a sunkuye. Daga ranar ya ja bakinsa ya yi shiru. Ya daina ba jikokinsa labarin hanya, ya rage cin abinci. Wata safiya matar Na-Sani ta kai masa ruwan wanka, sai ya tambaye ta a hankali, "'Yata, ki gaya mini gaskiya. Akwai wasu abubuwan da nake faɗa waɗanda babu su?" Ta ce babu, amma ya ɗauka lallashi ne. Da ta gaya wa mijinta, cewa ya yi ai haka ciwon yake farawa, ya sani.

A Talata ta shida, da hantsi, suna kan babban titi da gudu, tsagar ta buɗe. Iskar tayar baya ta fice lokaci ɗaya. Motar ta yi wutsiya, ta bar kwalta, ta daki kankaren gada da gefen da tsohon yake zaune. Na-Sani ya fito da ƙujewa a goshi. Mahaifinsa kuwa ya karye a ƙugu da haƙarƙari.

Kafin a ɗauke su, Na-Sani ya ga wilin da idonsa, ya dare kamar tsohon kwano. Har da sauran zanen allin mai faci a bakinsa.

Kwana uku tsohon bai yi magana ba. A rana ta huɗu ya buɗe ido, ya ga ɗansa a gefen gado, fuska duk ta kumbura da kuka.

"Likita, me ya faru da motar?"

"Wili ne ya tsage, Baba."

"Wanne?"

Na-Sani ya durƙusa ya kama ƙarfen gadon. "Na baya, na dama. Wanda ke ƙarƙashinka. Ni na sa aka mayar da shi can. An gaya mini ya tsage, na ƙi ji. Baba, ka yafe mini."

Ya jira faɗa, ya jira tsinuwa ma, da ya samu da ya ji sauƙi. Amma tsohon sai ya lumshe ido, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

"Ashe da gaske tana rawa," ya ce. "Alhamdu lillahi. Ashe hankalina yana nan."

Ya ɗora hannunsa mai rawa a kan ɗansa ya ce ya yafe, duniya da lahira. Bayan kwana biyu rai ya yi halinsa. Abin da ya fi cin ran Na-Sani har yau ba hatsarin ba ne. Makonnin nan ne da mahaifinsa ya yi yana zaton ya fara zarewa, alhali a cikin motar shi kaɗai ne mai faɗin gaskiya.

Ya kai mai karatu, matsalar da ka ture daga hannunka ba ta warke ba, ta koma kan wani ne, kuma sau da yawa kan wanda ba shi da ƙarfin yi maka gardama. Idan mota ta fara girgiza, a duba taya da wili, abin da ya tsage a canja shi, kada a sauya masa wuri. Idan kuma wani ya ce maka yana jin abin da kai ba ka ji, musamman tsoho ko mara lafiya, ka tsaya ka duba kafin ka ƙaryata shi. Tsayawar minti goma ce, nadamar rashin yin ta kuwa ba ta da ranar ƙarewa.