Mikin da Aka Duba ta Waya

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a Abidjan mai suna Hadijatu, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Treichville. Aikinta wankin ciwo, kuma wallahi ta iya. In aka kwance mata miki, kafin mai shi ya gama bayani ta riga ta karanta komai: launinsa, zurfinsa, ruwan da yake fitarwa, ɗumin fatar da ke gefensa. Ko warinsa ba ya wuce ta.

Haihuwar Abidjan ce. Mahaifinta Bahaushe ne, amma tana ƙarama ya rasu, ta tashi a hannun mahaifiyarta 'yar Jula. Faransanci da Julanci a bakinta kamar ruwa. Hausa kuwa sai tsince-tsince, ta gaisuwa da ta ciniki, da ɗan abin da ta ƙara bayan aure.

Mijinta Mansur ɗan Alhaji Sharhabilu ne, wani dattijo da ya zo daga Kano tun yana saurayi. Shagonsa yana kasuwar Black Market a unguwar Adjamé, yana sayar da rediyo da talabijin na gwanjo. Tun da matarsa ta rasu yake zaune shi kaɗai a Saint-Michel, nan cikin Adjamé, ga ciwon suga ya daɗe a jikinsa. Sunan mahaifiyarsa Hadijatu, don haka bai taɓa kiran surukarsa da sunanta ba. "Uwata" yake ce mata.

Ranar da Mansur zai tafi China saro kaya, yana ɗaure jaka ya ce mata, "Baba ya taka wani guntun ƙarfe a shago. Ɗan ciwo ne a tafin ƙafa, ba wani abu ba. Ki leƙa shi don Allah."

Washegari ta haɗa auduga da bandeji da ruwan wankin ciwo, ta hau woro-woro, wato tasin haɗaka, daga gidansu na Arras a Treichville zuwa Adjamé. Ta tarar da shi a kan tabarma yana jan carbi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sa safar hannu, ta ce, "Baba, ku miƙo ƙafar in gani."

Dattijo ya yi wuf ya janye ƙafar cikin riga.

"Subhanallahi! Uwata, matar ɗana ce za ta riƙe mini ƙafa? Ina! Ba a yi haka ba."

"Baba, c'est mon travail. Aikina ne. Kullum maza da mata nake wanke wa ciwo."

"Su ba surukanki ba ne. Ajiye kayan nan, da hannuna zan yi. Allah ya yi miki albarka."

Shi kunya ce ta hana shi, irin wadda ya taso da ita. Ita kuwa ba ta ga kunya ba, raini ta gani. A ranta ta ce, wato manyan likitoci suna kirana in duba musu miki, amma a gidan mijina hannuna bai isa ba? Ta ajiye kayan, ta yi masa bayanin yadda zai wanke, ta ce ya je asibitin unguwa a duba. Ya ce to. Ta fito ranta a ɓace, ta ƙudurta ba za ta sake roƙon kowa ya nuna mata ƙafarsa ba.

Daga ranar sai waya.

In ta tashi aiki da yamma sai ta kira shi. "Baba, ya ƙafa?"

"Da sauƙi, Uwata. Alhamdulillahi."

Sai ta juya maganar a kanta zuwa Faransanci, ta tura wa Mansur saƙon murya: "Papa va mieux." Wato Baba yana samun sauƙi.

Jama'a, ku da kuka tashi cikin Hausa kun riga kun ga inda gizo ke saƙa. Mu fa ko ranga-ranga aka ɗauko mu, in aka ce ya jiki, "da sauƙi" za mu ce. Amma baiwar Allahn nan ba wanda ya taɓa gaya mata. Ita a wurinta magana ce kamar kowace magana, sauƙi yana nufin sauƙi.

Wani lokacin takan ƙara tambaya. "Yana muku zafi?"

"Ko kaɗan."

Wannan kam gaskiya ya faɗa, kuma a nan ne ya kamata gabanta ya faɗi. Ta sani sarai suga yana kashe jijiyoyin ƙafa, mutum ya ruɓe bai ji ba. Ta sha faɗa wa marasa lafiya haka da bakinta. Amma ga gajiyar aiki, ga damina ta sauka, ga cunkoson motoci a kan gada, ga kuma ɗan fushin nan da bai huce ba. Duk ranar da ta ce yau zan je, sai ta tuna yadda ya janye ƙafarsa, sai ta ɗauki waya. Haka makonni suka yi ta wucewa.

Wata Lahadi da hantsi, matan unguwa suka tafi dubiyar maƙwabciyarsu Hajiya Bushira, wadda aka sallamo daga asibiti saboda ba sauran abin da za a yi mata. Hadijatu ta bi su. Tana shiga ɗakin ta ga yadda tsohuwar take jan numfashi, ta san da ƙyar ta kai gobe.

Wata a cikin matan ta sunkuya ta ce, "Hajiya, ya jiki?"

Tsohuwar ta motsa baki da ƙyar. "Da sauƙi."

Hadijatu ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta matso kusa da Afra'u, matar da ke gefenta, ta yi mata raɗa. "Me ya sa ta ce da sauƙi? Ba ta san halin da take ciki ba?"

Afra'u ta dube ta da mamaki. "To me kike so ta ce? Ta ce da tsanani? Ai ba a faɗa. Ko rai na fita haka mutum zai ce, kada ya zama ya yi wa Allah butulci."

"Ko da ciwon ƙaruwa yake yi?"

"Ai lokacin ma aka fi faɗa."

Hadijatu ba ta yi wa kowa sallama ba. Ta shiga gida ta suri jakarta, ta tare tasi. Tun daga Treichville har Adjamé addu'a ɗaya take maimaitawa, Allah ya sa ita ce ta yi mummunan zato.

Tana tura ƙofar ɗakin Alhaji turare ya doke ta, mai yawa, kamar an fasa kwalba. A ƙarƙashin turaren kuma akwai wani wari. Ta san warin nan.

Yana kwance cikin bargo yana rawar ɗari, idanunsa sun faɗa. Da ya gan ta sai ya yi ƙoƙarin tashi, yana laluben riga ya rufe ƙafar.

"Uwata, ke ce? Ai da sau..."

"Baba, ku yafe mini. Yau ba ni da kunya."

Ta yaye bargon. Huffi ne a ƙafar hagun, wanda yake shafa a kai in zai yi alwala don kada ma ya riƙa ganin ciwon. Ƙafar ta kumbura har huffin ya ƙi fita, sai da ta sa almakashi. A ciki akwai leda, wadda yake ɗaurawa saboda ruwan saman da ke kwanciya a lungunan kasuwa. A cikin ledar kuma bandejin da ta kawo ne, ya jiƙe ya manne da nama.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yatsun sun yi baƙi kamar gawayi. Ɗan ciwon nan na tafin ƙafa ya zama rami, mugunya na kwarara, baƙin ya haura har saman idon sawu. Ta danna yatsa, bai ji ba. Ta nemi bugun jini a bayan ƙafar, ta nema ta sake nema, babu.

Matar da ta yi shekara da shekaru tana wanke miki ko gezau, sai ga ta zaune daɓas a ƙasa tana kuka kamar yarinya.

"Baba, me ya sa ba ku faɗa mini ba?"

"Na ga kina da aiki, Mansur kuma yana nesa. Kuma ba ya zafi, Uwata. Na ce tunda ba zafi, ai warkewa yake yi."

Maƙwabta suka taya ta aka sa shi a mota zuwa babban asibiti. Likita ya duba, ya cire safar hannu a hankali, ya ce ƙafar ta mutu. In ba a yanke daga ƙasan gwiwa ba, dafin zai gama shiga jini, a rasa mutumin gaba ɗaya. Da an zo tun da wuri, in ji shi, wanki da magani sun isa. Sai ya ɗaga kai ya tambaya, "Babu wanda yake duba ƙafar nan a gida?"

Hadijatu ta ce, "Ni ce."

"Kin gan ta haka kika bar ta?"

"Ban taɓa ganinta ba sai yau."

Likitan ya juya ya ci gaba da rubutu a takarda. Da ya zage ta da ya fi mata.

Ta fita waje ta kira Mansur. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce, "Amma ke kika ce mini yana samun sauƙi. Kullum fa, Hadijatu."

Da aka gaya wa Alhaji, bai yi gardama ba. Hawaye kawai suka gangaro cikin gemunsa. Ya ce, "Tun da na zo garin nan a tsaye nake sallah. Yanzu da wace ƙafa zan tsaya a sahu?" Aka tura gadon zuwa ɗakin tiyata.

Allah ya sa an ceci ransa, amma ƙafa ta tafi. Shago yana rufe. Mansur ya baro kayansa ya dawo, kuma har yau maganarsa da matarsa ba ta wuce gaisuwa. Bai ce ta tafi ba, bai kuma ce ya yafe ba.

Hadijatu ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta tare a gefen gadon surukinta. Wata rana da la'asar ana yayyafi, ya farka daga barci, ya juyo ya dube ta.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Ja mini bargon nan ƙasa kaɗan. Yatsun hagun nan sanyi suke ji."

Ta kalli gadon. Daga gwiwa zuwa ƙasa ba komai sai zanen gado a shimfiɗe. Ta tashi ta ja bargon, ta rufe wurin, ta gyara gefensa da kyau yadda iska ba za ta shiga ba.

"Ya yi, Baba?"

"Ya yi. Allah ya yi miki albarka."

Ya koma barci. Ita kuwa ta toshe bakinta da mayafi don kada kukanta ya tashe shi.

Darasi: Gani ya kori ji. Ba a duba ciwo ta waya, kuma "da sauƙi" a bakin iyayenmu tawakkali ne, ba bayanin jiki ba ne. In naka yana da miki, musamman mai ciwon suga, ka taka ka je, ka kwance ka gani da idonka ko da zai yi fushi. In kunya ta hana ya nuna maka, ka kai shi wurin wanda zai nuna wa, kada ka yi zuciya ka koma gida. Ku kuma iyayenmu, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, faɗin gaskiyar ciwo ba butulci ba ne. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, wataƙila akwai wanda yau ma aka ce masa "da sauƙi" ya kwanta da murna.